Allon Yaya Sabo da Ya Rasa Wurin Tsayuwa

Da damunar bana Yaya Sabo ya cika shekara tara a ƙasa. Shi ne babban wana. Bayan rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe ni, ya turo ni Kano karatu, shi kuma ya zauna gida da fartanyarsa da keken ɗinkinsa. Abin da ya tuno mini da shi a makon nan ba wani babban abu ba ne. Na taso daga aiki na tarar ana kakkafa sababbin allunan nuna hanya a tsakiyar birni, kowanne da kibiya da sunan unguwa. Na tsaya ina kallon ma'aikata suna zuba siminti a gindin ƙarfe, babu wanda ya zo ya ce musu nan gonar ubansa ce. Ban ankara ba na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Tsanyawa da Bagwai, ba a hango shi daga titi. Da rani ba wahala. Amma da zarar dawa ta fi mutum tsawo, burtali ukun da suka rabu daga bakin titi sai su koma iri ɗaya. Mu 'yan gari da wani tsohon rimi muke gane namu, baƙo kuwa sai yadda Allah ya yi da shi. An taɓa kawo amarya daga Makoda, motar ta zarce wani ƙauyen, har mata sun fara rangaɗa guɗa kafin a gane ba a san angon a nan ba. Gari ya daɗe yana dariya. Yaya Sabo bai yi ba, cewa ya yi yau amarya ce, gobe motar ɗaukar mai naƙuda ce.

Sai ya samo fallen kwano ya shafe da farin fenti, ya rubuta sunan garinmu da boko da ajami, ya ja kibiya mai kauri don wanda bai iya ko ɗaya ba. Maƙeri ya yi masa ƙafar ƙarfe, ya je ya kafa a kwanar burtalinmu. Sai dai a wajenmu babu ƙasar da ba ta da mai ita, kuma ƙarfe in ya tsaya a gefen gona magana ɗaya yake yi, wato iyaka. Gonar da ke kusurwar ta Baba Iliya ce, dattijon kirki da ba a san shi da rigima ba. Washegari ya kawo allon da kansa har zaure, ya goge masa ƙasa tas.

"Sabo, ba ni da komai da kai," in ji shi. "Amma bayan raina jikokinka za su ce wa jikokina daga ƙarfen nan gonarku ta fara."

"Baba, suna ne kawai da kibiya."

"Na ji. To ka kafa a gonarka."

Gonarmu kuwa tana bayan gari, inda ko akuya ba ta neman kwatance. Yaya ya gwada ɗaya gefen kwanar, mai wannan gonar ma ya mayar masa da kayansa cikin ladabi. Daga ƙarshe ya buga shi a jikin rimin, tunda shi kaɗai ne ba na kowa ba. In na je gida nakan tsokane shi da cewa duk garin ya rasa mai karɓar allonsa sai itace. Yakan yi murmushi ya ce, "Kai da kake ɗan gari ne kake dariya. Bari ka daɗe a birni."

Guguwar farkon damuna ce ta karya rimin, masu katako suka kwashe sauran. Yaya ya ɗauko allonsa ya mayar gida, ya faɗa mini a waya, na yi masa jaje kamar an yi rasuwa, muka yi dariya. Bayan wata uku aka kira ni da safe cewa Yaya ya cika, za a yi jana'iza bayan azahar. Na ɗauko mota da isasshen lokaci. Na iso bakin titi na tarar da burtali uku da dawa, babu rimi. Na zaɓi wanda zuciyata ta ba ni, ya kai ni garin da ba namu ba, ga wayar ba sabis, ga taɓo ya riƙe taya. Lokacin da na isa, mutane suna dawowa daga maƙabarta suna karkaɗe hannu. Mutumin da ya raine ni, ban samu sallarsa ba. Har yau wannan abin yana ci mini rai.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga allunan birni. Na san zai zagaya ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya yaba rubutun, sannan ya tambaya ina ajamin. Zai kuma tambayi kwanarmu, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Baba Iliya ma ya rasu, an raba gonar ga 'ya'yansa, wanda za a roƙa yanzu ba mutum ɗaya ba ne. Allon yana gida, fentin ya kokkoɗe, matar Yaya tana shanya kuɓewa a kai.

Amma akwai abin da ban san ranar da ya fara ba. Tsabar yawan kai da kawowar da aka yi da allon nan, direbobi da 'yan acaɓa suka laƙaba wa kwanar suna. In ka hau motar Tsanyawa yau, za ka ji kwandasta yana cewa, "Akwai mai sauka a Allon Sabo?" Baƙo ya leƙa ta taga ya nemi allo bai gani ba, amma a daidai burtalinmu ake tsayawa.

Tun daga ranar jana'izar ban ƙara ɓata ba, sunansa nake faɗa a sauke ni. Sau ɗaya na taɓa ɓata hanyar gidanmu a rayuwata, kuma ranar ce yake jirana. Allah ya jiƙan Yaya Sabo, ya haskaka masa makwancinsa.