Bayan makewayin Yaya

Shekarun baya muka saida gidan yayata da ke Yantala. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da furfura ta cika mini kai na shiga kur dadult, makarantar yaƙi da jahilci, kuma yatsana ya fi baƙaƙen wayar ga girma.

Yaya ta tsufa har hankali ya gushe. Ba ta gane ɗiyanta, ni ma ta sha tambaya ta ɗiyar wa ce ni. Ga magani, ga katanga na zubewa kowace damina. Babban ɗanta ya ce a saida, ya maida ta wurinsa a Saga. Alƙali ya yarda, noter mai sa hatimi a takardun gida ya yarda. Ni ce ban yarda ba.

Na ce, "Kai, uwarka buhun shinkafa ce da za ka aza a mota? Ita ta ce ta yarda?"

Ya ce, "Inna, wadda ba ta san sunanta ba za a tambaya?"

Sai na yi ta masifa. Wannan kam na iya.

Mai sayen wani Bazabarme ne, butik yake son yi, wato shago. Ya zo da magini suna awo, duk muna tsaye. Magini ya kafa ƙarfe bayan makewayi. Sai muka ji muryar Yaya daga tabarma: "Kai mai ƙarfe, cire. Akwai mutane nan."

Matar da sai an kama ta take tashi, ta dafa sanda ta taho. Ku na yanzu a likita kuke haihuwa, ba ku sani ba: mu a gida muke sauka, a wanke mabiyiya, abin nan da ke biyo jariri, a binne ta cikin gida. Yaya ta dinga dungura sanda a ƙasa.

"Nan ta babban, ya ba ni wuya. Nan ta mai kukan tsiya. Nan tagwaye, rami guda."

Bi da bi, yadda ta haife su, ba ta tsallake kowa ba. Babban na gefenta hawaye na zuba, ba ta san shi ne ba. Sai ta matsa jikin katanga, ta sassauta murya: "Nan ta wadda ba ta kai ranar suna ba."

Ɗiyan suka dubi juna, ba su taɓa ji ba. Ni na gina ramin nan da hannuna ina budurwa, kuma wallahi na manta.

Bazabarmen ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya ce, "Hajiya, siminti ba zai taɓa wurin nan ba."

Ta dube shi da kyau. "Kana da ɗiya?"

"Matata na da ciki."

"To in ta sauka, ga wuri can gefe. Ka yi ramin da zurfi, saboda karnuka."

Ta juya da ƙafarta ta nufi motar da za ta kai ta Saga. Ni mai masifa na bi bayanta. Yardar da nake nema ke nan, ta bada ita ba a tambaye ta ba.

Yaya ta rasu a Saga, Allah ya jiƙan ta. Har yau ban san inda Ubangiji ya ɓoye mata wannan ba, bayan ya karɓe sauran duka. Bara na bi ta Yantala na leƙa. Gaba duk butik, tsakar gida duk siminti. Bayan makewayi kuwa ƙasa ce, an share ta tas. Matar gidan ta nuna mini can gefe, ta ce nasu uku ne yanzu.