Mai Yankan Makulli da Takardar Gadonsa

Tun yana ɗan shekara shida aka laƙaba masa Idan-Fa. Ana cin abinci zai ɗaga kai ya dubi rufi ya ce, "Idan fa ya rufto?" Da ya girma sai ya faɗa sana'ar da ta dace da shi, yankan makulli, a wani siririn shago tsakanin kantin magani da mai gyaran takalmi. Shekara ashirin da bakwai yana nan, ƙurar ƙarfe a gira. Aikinsa babu kushe, sai dai duk wanda ya zo yankan makulli ɗaya da uku yake komawa, bayan ya saurari hanyoyi goma sha da mutum ke kwana a waje.

Yana da 'yar wa da ke aiki a ɗakin binciken wata jami'a. Wata rana ta zo gida da ƙananan kwalabe, ta ce ana neman masu ba da yawu don nazarin gado da ciwon damuwa. Babanta ya tofa, matar Idan-Fa ta tofa. Shi kuwa sai da ya tambayi ko ana iya mayar wa mutum yawunsa idan ya canza ra'ayi, sannan ya tofa.

Bayan wata uku ta kawo sakamako shago.

"Baffa, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Akwai wasu sinadarai 'yan aike a ƙwaƙwalwa, cikin aikinsu har da kwantar wa mutum hankali bayan ya firgita. Ƙwayar gadon da ke sarrafa ɗaya daga cikinsu iri-iri ce. Irin taka, wasu nazarce-nazarce sun ga tana ɗan ƙara yiwuwar fargaba da damuwa. Ɗan ƙari na ce. Wasu nazarin ma ba su ga komai ba. Tarbiyya, da abin da mutum ya gamu da shi a rayuwa, da..."

"Wato gado ne."

"Ba haka na ce ba."

"Allahu akbar! Shekara hamsin ana cewa iya shege ne!"

Ranar ya sa aka lulluɓe takardar da roba, ta koma aljihun gaba. Maigidan haya ya kira taron masu shaguna, Idan-Fa ya nuna takarda ya ƙi zuwa. Matarsa ta ce ya hau kujera ya canza ƙwan fitila, ya nuna takarda. Har wani ɗan sanda da ya tsayar da shi kan babur ba fitila sai da ya karanta ta, ya juya ta, ya ce ya tafi Allah ya sawwaƙe.

Dangi kuma suka samu abin yi. Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinsa, ta rantse cewa daga ɗakin uwarsa abin ya ɓullo, don kakarsu ta wajen uwa ko kaza ta yi tari sai ta tashi. Kawu, ƙanen uwarsa, ya aiko da amsa cewa a tuna ɗan dangin uban da ya suma ranar da aka fara kunna injin niƙa a unguwa. Aka yi wata biyu ba a gaisawa.

Abin da ya ɓata wa Idan-Fa rai shi ne sakamakon Yaya, uban yarinyar. Irin ƙwayarsu ɗaya sak. Yaya kuwa direban babbar mota ne wanda taya ta taɓa fashe masa a kan gada, ya fito ya ƙarasa cin lemonsa kafin ya duba.

"An yi kuskure a kwalbarsa," in ji Idan-Fa. "Ko kuma tasa ba ta nuna ba tukuna."

Duk wannan hidima babu wanda ya lura da matarsa. Takardarta ta fito ba komai, shi ya sa Idan-Fa ya rufe babinta. Amma tun rasuwar ƙanwarta keken ɗinkinta ke rufe da zane. Tana zuba wa kowa abinci ta ce ta ƙoshi, ta zauna tana kallon bango har shayi ya huce. 'Yar wan nasa ce ta shigo wata Asabar da hantsi, ta tarar da ita haka, labule a sake, ta zauna kusa da ita. Da ƙyar matar ta ce, "Ni dai komai ya fita raina, 'yata."

Yarinyar ta wuce shago kai tsaye.

"Baffa, Inna ba ta da lafiya. Gobe za mu ga likita."

"Wace Innar? Ai ita ba ta da shi a takarda."

"Kai kana da takarda kana cin kwano biyu. Ita ba ta da takarda, siket ɗinta na zamewa. Yaushe rabon da ka ji dariyarta?"

Ya kashe injin, ya bar makullin wani a maƙale rabi a yanke.

Likita ta ce ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Ta rubuta magani, ta sa ranakun zuwa tattaunawa. Idan-Fa ya yi mata tambaya goma sha tara, har ta ce shi ma ya dawo ranar Talata a duba shi. Ya dawo, awa biyu kafin lokaci.

A jinya kam ba a taɓa samun kamarsa ba. Ƙwaya ɗaya ba ta wuce lokacinta ba. Ya koyi dafa shayi, ya koyi zama kusa da mutum ba tare da ya lissafa masa masifu ba, wanda ya fi komai ba shi wuya.

Cikin wata na uku, wata safiya yana shara, sai ya ji murya daga ɗaki.

"Malam, wannan shara ce ko rabon ƙura? Ba ni tsintsiyar nan, ka tafi shagonka, ka ishe ni!"

Ya miƙa mata ba musu. A hanya ya tsaya wajen mai gyaran takalmi, bakinsa har kunne, ya ce masa yau an yi masa faɗa a gida.