Gudun Suruka a Kasuwar Rano

Akwai abin da mutum kan manta tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wanda ko daga barci aka tashe shi zai ba da labarinsa tiryan-tiryan. Nawa shi ne ranar da na zama ɓarawon waya a kasuwar Rano, ni da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har yau in na ji ƙamshin bandashen gurasa sai na waiga hagu da dama.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kibiya, ban daɗe da aure ba. Matata 'yar Zinyau ce, gidansu Fulani ne da suka daɗe da zama suna noma da kiwo, kuma ita ce 'yar fari. Wanda ya sani ya san me nake nufi. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ko sunan 'yarta ba ta faɗa, balle nawa. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana ƙuryar ɗaki bayan labule. Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Akwai ranar da aka kawo mini fura mai sanyi ta sha nono, na ce na ƙoshi, ina ji ina gani ƙudaje suka fi ni morewa.

To ranar da abin zai faru, ranar kasuwa ce, na shiga Rano sayen takin masara, yunwa kuma ta ce ba ta san zancen ba. Na tsaya wajen wani mai gurasa, ya haɗa mini bandashe ya zuba ƙuli da mai da albasa kamar ya san ni. Na biya shi, na cire takalmi ɗaya na harɗe a kan benci, na ce bismilla. Na kai loma ta uku ke nan, kumatu sun cika fam, mai yana bin gemu, sai na ɗaga ido. Wa zan gani? Inna ce tafe da ƙwaryar nono, ta nufo layin da nake sak.

Yanzu da na girma na san akwai dabaru da yawa. Da na juya baya. Da na rufe fuska da hula. Amma a wannan lokacin ƙafafuna ne suka yanke shawara ba tare da sun tuntuɓe ni ba. Na zabura da gurasar a hannu, na tsallake benci, na yi fatali da tiren tumatir na wata baiwar Allah, na ratsa layin masu kaji suka ɗauki kyarkyara, ban tsaya ba sai bayan wata motar ɗaukar kaya. Shi kuwa mai gurasa, mutumin kirki, da ya ga na bar takalmi sai ya ɗaga shi sama ya biyo ni yana ihu: “Malam, tsaya! Malam, ka tsaya mana!”

Na koma na ba mai tumatir haƙuri na sallame ta, na karɓi takalmina, na hau mota ina gode wa Allah da Inna ba ta gan ni ba. A ganina na tsira. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wani mutum mai shagon cajin waya a bakin kasuwar, yana da shafi a soshiyal midiya inda yake saka labaran yankinmu, yana kiran kansa ɗan jarida. Aikinsa ke nan, ya ɗaga waya yana ɗaukar duk abin da ya motsa. Ranar kuma an ce an sace wa wani waya a kasuwar. Sai ya haɗa wannan da wancan, ya yanko daidai inda nake gudu mai gurasa yana bina da takalmi a sama, ya rubuta a kai: “Da ɗumi-ɗumi: dubun ɓarawon waya ta kusa cika a Rano.”

Matata ce ta fara nuna mini. Ta miƙo wayarta, ban sani ba ko tsoro take ji ko dariya take dannewa. Ta ce, “Malam, wannan mai gudun ba rigarka ba ce a jikinsa?”

Rigata ce. Ni ne kuma a cikinta. Gaskiya ban taɓa sanin ina da gudu haka ba.

Sai na yi kuskuren karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wani ya ce ya san ni, ni ne na sace masa akuya a Kahu. Wata ta ce a dubi idona, idon ɓarayi ne sak, alhali a bidiyon ƙeyata kawai ake gani. Wani ya rantse mun yi zaman gidan yari tare, ban san ko ya lura ya tona wa kansa asiri ba. Can wani ya ɗora wa bidiyon kiɗa, ƙafafuna suna tafiya daidai da ganga. Da farko har na ɗan yi murmushi. Murmushin ya ƙare ne lokacin da wani ya gane ni, ya rubuta sunana da makarantar da nake koyarwa, ya lalubo hoton bikinmu ya saka, har da lambar wayata. Daga nan waya ta fara kuka ba dare ba rana. Wani ya zage ni, wani ya yi mini wa'azi, wani kuma ya kira cikin ladabi yana tambaya ko ina da waya mai sauƙin kuɗi ta sayarwa.

Mai gurasa ya yi iya ƙoƙarinsa, duk wanda ya zo sai ya ce masa takalmi ya bi ni da shi. Amma da an tambaye shi me ya sa na gudu sai ya ce, “Wallahi ni dai na ga ya tashi kamar an tsikare shi.” Mutane suka ce to ai ka ji, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni kuma bakina a ɗaure. Ta yaya zan fito duniya in ce surukata na gani ina cin gurasa a tsakiyar kasuwa? Ai na jawo sunanta cikin bakin mutane ke nan, kuma abin da na yi gudun don kada ta sani, da bakina zan sanar da ita.

A makaranta, ina juya baya zan yi rubutu a allo sai in ji wata 'yar murya ta ce, “Malam, tsaya mana!” aji ya kwashe da dariya. Iyaye suka fara zuwa suna cewa ba za a bar 'ya'yansu a hannun ɓarawo ba. Hedimasta ya kira ni ofis, ya ce, “Malam, ni na san halinka. Amma ka ɗan huta a gida. In maganar nan ba ta wanku ba kafin a dawo hutu, ba ni da yadda zan yi.” Ranar na ji abin har cikin ƙashina. Aikin nan shi ne rufin asirina, suna kuma shi kaɗai ne gadon da mahaifina ya bar mini.

Sai na shirya na tafi shagon mai shafin. Na tarar da shi zaune cikin wayoyi da igiyoyin caji, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ce masa ni ne mai gudun, kuma ban saci komai ba, ya taimaka ya sauke bidiyon.

Ya ce, “Malam, ai mu aikinmu sanar da al'umma. Akwai 'yancin faɗin albarkacin baki a ƙasar nan.”

Na ce, “To albarkacin bakinka ne, amma ƙafafuna ne a ciki. Ka tambaye ni kafin ka saka?”

Ya ce, “Yaya za a yi in tambaye ka kana gudu?”

Nan kam ya fi ni gaskiya. Dole na sassauta murya na faɗa masa dalilin gudun. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce bari ya duba bidiyon tun daga farko, domin shi kansa gudun kawai ya yanka bai kalli sauran ba. Muka haɗa kai a kan waya. Ashe Inna ta riga ni gani! Tana tafe tana gaguyar gasasshiyar masara, da ta hango ni sai ta sauke nono, ta zare faifan da ke kan ƙwaryar ta rufe fuska, ta yi tsalle ɗaya ta tsuguna bayan buhunan albasa, masarar tana hannunta. Ni na yi gabas, ita ta yi yamma, kowa yana tsammanin ya tsere wa ɗan'uwansa.

Idon mutumin ya kawo haske. Ya ce, “Malam, ka wanku! Yanzu zan saka wannan. Ai wannan sai ya fi na farko tafiya.”

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce in bar shi. Ga aikina, ga sunana, duk a kan maɓalli ɗaya. Amma sai na tuna mutanen nan da suka ga idona ta ƙeya. Me za su yi da dattijuwar da ko muryarta ba ta ɗagawa, a tsugune bayan albasa? Kiɗan da aka ɗora mini shi za a ɗora mata. Na riƙe hannunsa na ce, “In ka saka wannan, ni da kai sai a gaban hukuma. Gara a ci gaba da kirana ɓarawo.” Na fita ina zagin kaina a zuci har tasha.

Na gaya wa matata, na ce kada ta faɗa wa kowa. Ta ce to. Washegari ta ce za ta je Zinyau duba jikin wata gwaggonta, wadda ni dai a sanina lafiyarta ƙalau.

Bayan 'yan kwanaki sai ga sabon bidiyo a shafin. Wannan karon fuskar mai shafin ce ta cika waya, yana durƙushe a ƙofar wani ɗaki da na sani sarai, gumi yana tsiyaya. Ashe mahaifiyarsa tsohuwar mai sayen nonon Inna ce, ita ta taso ƙeyarsa har Zinyau. Inna kuma ta kafa sharaɗi: muryarta za a ji, fuskarsa za a gani, tunda ya saba ɗaukar ta mutane ba sallama. Daga bayan labule muryarta ta fito a hankali.

“Yaron nan da kuka ce ɓarawo ne, mijin 'yar gidan nan ne. Ba abin da ya ɗauka. Ni ya gani yana cin abinci, kunya ta kore shi. In gudu ne laifi, to ni ma na gudu, da masarata a hannu, na ɓuya bayan albasa har idona ya yi ruwa. Sai ku haɗa da ni.” Sannan ta ce wa mai shafin, “Kai kuma ɗan nan, faɗa musu abin da ka yi.”

Ya faɗa kuwa, tsaf, har da neman gafara.

Na yi dariya, sai kuma na ji hawaye. Matar da ba ta iya kiran sunana ita ce ta wanke shi, kuma da abin da na ƙi a tona ta wanke shi.

Mutanen soshiyal midiya kuwa ba sa jin kunyar juyawa. Wanda ya ce na sace masa akuya shi ya fara rubuta cewa tun da ya gan ni ya san ɗan mutunci ne. Aka naɗa ni surukin shekara. Mai gurasa ya yi ciniki har ya ƙara benci. Na koma aikina, ko da yake har na bar makarantar yara ba su daina ce mini in tsaya ba.

Ni da Inna ba mu taɓa tayar da maganar ba, har yau labulen nan yana nan. Sai dai a makon matata ta dawo daga Zinyau da ƙunshi, na buɗe na ga bandashen gurasa. Ta ce, “Inna ta ce a ce wa mai gidan ya ci a ɗaki, ya rufe ƙofa.”

Abin da na koya shi ne, waya tana ɗaukar gudu amma ba ta ɗaukar abin da ya koro mutum, alhali abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Kuma labarin masara da albasa ɗaya ne, amma da mai shafin ne ya fizge shi ya watsa, da tozarci ne. Da mai shi ta faɗa da bakinta, sai ya zama girma. Shi ya sa duk lokacin da aka turo mini bidiyon wani yana cikin abin kunya, kafin yatsana ya tura gaba nakan tambayi kaina: an tambaye shi kuwa? In ba a tambaye shi ba, sai in goge, in bar bawan Allah ya ci gurasarsa.