Shirun Burul-eje Da Ya Rufa Mana Asiri

Kowace safiya, kafin makiyaya su gama kora tumaki zuwa gindin duwatsu, Burul-eje ta riga ta ratsa kasuwar garinmu At-Bashi da tsohuwar jakarta, ta sayi gurasa mai zafi, ta nufi ofishin kula da yara. Eje muke ce mata, wato yaya, har waɗanda suka girme ta. A hanya ba ta fara gaida kowa. In ka gaishe ta za ta amsa da fara'a, ta tambayi yara da dabbobi. In ba ka gaishe ta ba, sai ta wuce kamar ba ta taɓa ganin ka ba. An daɗe ana ce mata mai girman kai, amma mu da muka taɓa zama a kujerar ofishinta mun san dalili. Tun ranar farko take gaya wa mace, "In mun haɗu a waje ban san ki ba, sai in ke kika so a san na san ki."

Aikinta shi ne tantance masu son ɗaukar yara riƙo. Wanda bai taɓa nema ba, ba zai san irin tambayoyin ba: ciwon da ka taɓa yi, ko maigida yana shan giya, ko an taɓa ɗaure wani a gidan, me ya hana haihuwa. Abin da ko mahaifiyarka ba ka faɗa wa ba, a nan za ka amayar da shi. Kafin ta yi tambaya sai ta juya rediyo ya fuskanci ƙofa saboda masu dogon kunne, sannan ta gaya maka amfanin tambayar da wanda zai ga amsar. Wata sabuwar ma'aikaciya ta taɓa ɗaga waya za ta ɗauki hoton bayanan wani gida don ta ƙarasa aiki a ɗakinta. Burul-eje ta dafa hannunta ta ce, "Wannan wayar da ƙanenki ke wasa da ita da yamma? Mayar da ita aljihu, 'yata."

A wannan watan take ajiye aiki. Za a yi jawabai a kan yaran da ta sama wa gida, kuma sun isa a yi. Ni abin da ya faru tsakaninta da yayanta Toktosun nake so a sani.

A wurinmu ba a ƙulla aure sai an bincika kakanni bakwai na kowane ɓangare. Ɗan Toktosun, Ermek, ya ga 'yar gidan Zuura ya ce shi fa sai ita. Gidan Zuura kuwa sun ɗauki yaro riƙo ta hannun Burul-eje. Sai Toktosun ya ga ai ta kwana gidan sauƙi, ya ɗauki matarsa suka je gidan ƙanwarsa da hantsi. Matar tasa ce ta ba mu labari, don ita ko kukan kaza ta ji sai ta kai shi kasuwa.

Ya ce, "Burul, kin san cikin mutanen nan da bayansu. Akwai wani abu a jininsu? Farfaɗiya, taɓin hankali?"

Burul-eje ta ce, "Baike," don haka muke kiran yaya namiji, "sha shayinka kada ya huce."

"Ke, shayi na zo sha? Ni ne fa na riƙa ɗora ki a kan doki in kai ki makaranta cikin ƙanƙara. Kalma ɗaya nake so: akwai ko babu?"

"Ba ni da ko ɗaya daga ciki."

"To gyaɗa kai mana! Ko wuyan ma gwamnati ta saye?"

"Baike, in na ce maka babu yau, gobe wani ya zo na yi masa shiru, me zai ɗauka?"

"Ina ruwana da wani? Ermek fa ɗanki ne!"

"Ɗana ne. Shi ya sa maganar take min ciwo."

Toktosun ya tashi ya fita ba tare da ya gutsuri gurasar da aka ajiye masa ba. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da hakan yake nufi: fushi ne irin na yanke zumunci.

Ya ɗauki shirun nata a matsayin akwai, ya dakatar da maganar aure. Abin takaicin shi ne babu komai a gidan Zuura, ko tari mai nauyi babu. Zuura ta zo da kuka ta ce, "Eje, don Allah ki faɗa masa, na yarda. 'Yata ta daina cin abinci." Burul-eje ta zaunar da ita ta ce, "Labarinki naki ne, ƙanwata, ki je ki faɗa masa da bakinki. Likitan da ya duba ku ma yana nan da ransa, ku je tare. Amma ni in na buɗe baki don ke, na tona waɗanda ba za su iya zuwa su ce min sun yarda ba."

Haka aka yi. Zuura ta haɗiye kunya ta je, aure ya ɗauru. Sai dai Toktosun ya ƙullaci ƙanwarsa, wai ta sa ya ji daga bakin bare abin da ita 'yar gidansu ta sani.

Ranar biki ina wurin. Aka dafa rago aka fara rabon nama bisa girma kamar yadda aka saba. Kitsen wutsiya rabon babbar mace ne, kuma a wannan zaman babu wadda ta kai Burul-eje, goggon ango. Muna kallo aka wuce da shi ta gabanta aka kai wa wata, ita kuma aka ajiye mata ƙashin wuya, irin wanda ake bar wa masu hidima a bayan ɗaki. Ta ɗauka ta ci, ta goge hannu, ta ɗaga tafuka ta yi wa ango da amarya addu'a mafi tsawo a ranar. Wallahi ni sai da na fita waje na share hawaye.

Burul-eje, ke ce rijiyar da ba a jin ƙarar abin da ya faɗa cikinta. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ban ga wanda ya cika maganar kamar ke ba. Kalmar alheri ce aka roƙe ki, gaskiya ce kuma, amma kin san farashinta a kan wasu zai faɗa, sai kika biya da kanki.

Ina cikin waɗannan wasu. Ni ma na zauna a kujerar nan lokacin da muka nemi yaran da muka riƙa, na kuma faɗi abin da ba zan faɗa muku ba. Ba laifi ba ne, jarrabawa ce ta Allah wadda ta wuce tuntuni, amma irin wadda in ta shiga kunnen dattawan neman aure sai su naɗe tabarmarsu. A bazarar bara aka zo neman 'yata. Wani daga cikin dangin mijin ya ce a je a tambayi Burul, tunda ta san gidanmu. Kakarsu ta yi dariya ta ce, "Wace Burul? Wadda ta hana yayanta uwa ɗaya uba ɗaya ko da kalma? Ku je ku tambayi dutse, ya fi ta surutu." Wani mai taurin kai ya je duk da haka, ta ba shi shayi, ya dawo hannu rabbana, babu kuma wanda ya ɗauki shirun a bakin komai. Yau 'yata tana ɗakinta da jariri a goye.

Mun gode, eje. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira kamar yadda kika rufa mana. Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, da ma'aikatan asibiti da na makaranta da duk wanda ake zuba wa sirri don aiki, ku koyi yin shiru iri ɗaya ga mai abin ɓoyewa da wanda ba shi da shi.

Saura kai, Toktosun-baike. Jikokinka na wajen Ermek sun fara tafiya, amma har yau ba ka taka gidan ƙanwarka ba. Ba ta taɓa kai ƙararka wurin kowa ba, ka san halinta. Ni dai maƙwabciyarta ce, kuma duk lokacin da mota ta tsaya a layinmu ina ganin labulen tagarta yana motsi.