Takardar da ba ni ba ne a ciki

Shekarun baya ina kabu-kabu a Gazawa, babur ɗina ya tsufa, ni ma gwiwa ta fara ciwo. Sai na ji masu allurar dabbobi na neman wanda zai riƙa raka su rugage. Aikin ya yi min. Amma aka ce sai da CV, takardar da mutum ke faɗin ko shi wane ne da abin da ya iya.

Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Na je wurin wani mai buga takardu a bakin tasha. Sunana kawai ya tambaya, da shekaruna, da lambar waya. Kafin in gyara zama ya miƙo min shafi biyu cike da Faransanci. Nan zuciyata ta ƙi. Mutumin da ya yi min tambaya uku, ina ya samo shafi biyu?

Na hau babur zuwa Cadawa, wurin abokina malamin lakol. Ya karanta, ya dube ni, ya ce ashe na gama kwalej, ina jin Faransanci, har na taɓa aikin buro, wato ofis. Na ce a ina? Ya ce, "Malam, takarda ɗaya ce yake buga wa kowa. Suna kawai yake canzawa."

Ya ɗauko biro, ya yi ta min tambaya. Shekara nawa a kan babur, wace hanya ke yankewa da damina, ko ina jin Fulatanci, wane ardo zai shaide ni. Abin da ya fito bai kai rabin shafi ba.

Shi ma ban yarda da shi ba. Yana da ƙane zaune ba aiki. Na ce a raina ya rage ni ne da gangan don ƙanen ya samu aikin. Na ɗauki takardar na kai wa wani mai sayar da magani da bai san shi ba, na ce ya karanta min. Abin da na faɗa, shi ne a ciki. Ba ragi, ba ƙari. Na ji kunya, amma ban faɗa wa kowa ba.

Takardar abokin nawa na kai wa masu allurar. Bayan sati biyu aka kira ni buro. Matar da ke tambayar ta nuna min tarin takardu, ta ce duk iri ɗaya ne, duk sun gama kwalej. Ta juya zuwa Fulatanci ta tambaye ni inda ake bi da mota in ƙorama ta cika. Na faɗa mata. Aka ɗauke ni, na yi shekara shida da su.

Abin da na ɗauka shi ne, kar ka bari a rubuta ka ba a tambaye ka ba. Rabin shafi na gaskiya ya fi shafi biyu na aro.

Halina dai bai canza ba. Wannan labarin ma abokin nan nawa ne ke rubuta min a waya, yana dariya. Ya san in ya gama, wurin mai magani zan kai.