Kitsen Baba

Shekarar da na fara aiki a ɗakin awo na likita a Gaya, ƙayar kurungu ta soki Baba a tafin hannu yana kwance kifi daga raga. Hannun ya kumbura ya yi ruwa. Sai da na yi masa faɗa sosai kafin ya bari na ɗebi mugunyar.

Na shuka ta a faranti tare da gwaiduwar ƙwan zabuwar Inna. Bayan kwana biyu, ƙwayoyin cutar sun tsiro, gwaiduwar da ke kewaye da su ta narke ta yi haske. Da ya sha magani ya warke, na kai shi ya gani. Na ce masa a fatar waɗannan ƙwayoyi akwai wani sinadari mai yanka kitse, da shi suke fasa naman mutum su shige.

Baba siriri ne kamar sandar tuƙa jirgi. Ya dubi hannunsa ya ce, “To ni me suka samu?”

Na ce kowace 'yar ƙwayar nama ta jikinsa da kitse aka lulluɓe ta.

Ranar duk bakin kogi sai da ya ji labari, yana tafe yana buga ƙirji. Amma wadda ta fi kowa murna Inna ce, da dangin Baba suka shekara talatin suna tsokanarta wai ba ta ciyar da shi. Ta aika aka kira gwaggona, ta zaunar da ita, ta nuna ni, ta ce:

“Yaya, likita ta auna. Girkina yana ciki, ɓuya ya yi.”