Bargon Siracen Inna Hajara

Shekara biyar ke nan da rasuwar Inna Hajara, yayar mahaifiyata, kuma har yau a ƙauyenmu da ke bayan Gezawa, in ka tambayi abin da ya yi ajalinta, sai a ce maka mura ce. Wannan amsa tana ƙona min rai.

Inna ta fi kowa sanin mura. Duk sanyi ita ke yi wa rabin ƙauyen sirace. Ta tafasa ganyen darbejiya da na lemun tsami, ta lulluɓe mara lafiya da bargo a kan tukunyar. Sai dai ita ba ta tsayawa a waje. Shiga bargon take tare da kai, ta riƙe maka goshi, wai ba a barin mara lafiya shi kaɗai a cikin duhu. Mukan tsokane ta cewa ta sha tururin murar kowa, shi ya sa tari ke tsoronta.

Shekarar korona, ɗanta Habu, direban motar haya, ya dawo daga birni da zazzaɓi da tari. Bazara ce, zafi kamar bakin murhu. Inna da kanta ta tsaya tana juya abin.

"Ni dai ban taɓa ganin mura da zafin nan ba," in ji ta.

Dattawan majalisar ƙofar masallaci suka yi mata dariya.

"Haba Hajara! Korona ai ciwon masu hawa jirgi ne. Mura ce aka yi wa sabon suna."

Ta shiga bargon da ɗanta. Habu ya warke, ita ta kwanta. Murar da muka sani tana toshe hanci, ta gaji ta tafi. Wannan kuwa numfashi ta riƙe mata, tana jan iska kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ba a yi mata gwaji ba. Bayanta tsofaffi suka yi ta tafiya, aka ce zafi ne da azumi.

Mutuwa ta Allah ce, ban musa ba. Amma mutanen da suka yi mata dariya suna nan a kan tabarmarsu ta ƙofar masallaci, kuma in zancen ya taso sai su ce, "Ina koronar take yanzu? Ba mun faɗa ba?" Da Inna za ta leƙo ta ji su, na san ba za ta yi faɗa ba. Tambayarsu za ta yi wace mura ce ta taɓa kwashe sa'o'insu haka a bazara guda.

Abin da ya rage nata shi ne siracen. Mata na yi wa 'ya'yansu yadda ta koya musu, amma daga waje suke riƙe bargon. Habu kuwa ya ninke nata ya ajiye, ba ya bari a taɓa. Na sha gaya masa ba laifinsa ba ne. Shi kaɗai ne a ƙauyen ba ya cewa mura. In aka tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na kawo mata."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya zuciyar Habu.